Yini guda a Alje: Farin birnin da ƴan Nijar da yawa suka shiga amma ba su gan shi ba

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit ya san titin bai tsaya a Asamaka ba. Ya tsallaka iyaka, ya ratsa In Gezam da Tamanrasat da Gardaya, ya yi ta miƙewa arewa har ƙasa ta ƙare masa a bakin Bahar Rum. Nan inda ya tsaya ɗin, nan ne Alje, babban birnin Aljeriya, kuma kan hanyar hamada mai tsawon kimanin kilomita 4,500 da ta bi ta Damagaram da Kano zuwa Legas.

Dubban ƴan Nijar sun shiga wannan birni: ɗalibai masu guraben karatu, ƴan kasuwa, leburorin gini, da mata masu goyo da suka fito daga ƙauyukan kudancin Damagaram. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa samun yini guda cur na yawon buɗe ido a cikinsa. Ga abin da ido ke gani idan mutum ya samu wannan yini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Sassafe a bakin teku

Ɗan Maraɗi ko Tawa da ya saba da shimfiɗaɗɗen gari, darasin farko da Alje ke koya masa shi ne lissafin matakala. An gina birnin ne a jikin tuddai masu fuskantar teku, gida bisa gida, yawancinsu da farin fenti, shi ya sa Faransawa suka yi masa laƙabi da Farar Alje. Mutanen garin kuwa Dzayer suke ce masa. Wurin da taswira ta nuna yana nan kusa, sai a tarar matakala ɗari biyu ce tsakani.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Dandalin Shahidai, a ƙasan tsohon gari. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, wanda ya fara aiki a 2011, ya iso wannan dandali a 2018. Lokacin da ake haƙa tashar, ma'aikata sun ci karo da gine-ginen zamanin Rumawa da na Turkawa a binne, aka bar wani sashe nasu don masu wucewa su gani.

Da fitowa daga tasha, masallatai biyu ne ke tarbar baƙo. Na farko Jami'ul Jadid, fari tas, wanda aka gina a 1660, ma'anar sunansa kuwa sabon masallaci. Ana ce masa sabo ne saboda maƙwabcinsa Jami'ul Kabir ya girme shi da fiye da shekaru 500: rubutun da ke jikin mumbarinsa ya nuna shekarar 1097, zamanin daular Murabiɗun.

Daga bakin titin da ke kallon tashar jiragen ruwa ana hango asalin sunan garin. Aljaza'ir a Larabci na nufin tsibirai. A da akwai ƴan ƙananan tsibirai a gaban gaɓar, Sifaniyawa suka gina ganuwa a kan ɗaya daga cikinsu suka kafa wa garin bindigogi. A 1529 Hairuddin Barbarosa ya fatattake su, ya sa aka cike tsakanin tsibiran da gaɓa da duwatsu, tashar jiragen ruwa ta samu. Tsibiran sun ɓace, sunan ya zauna, har ya zama sunan ƙasar baki ɗaya.

Hantsi a Kasba

Masu ja-gora a Alje suna da shawara ɗaya ga kowane baƙo: Kasba daga sama ake fara ta. A ɗauki taksi a hau har ganuwar da ke ƙololuwarta, mita 118 bisa teku, sannan a gangaro da ƙafa. Wanda ya ce daga ƙasa zai hau, kafin ya kai rabi gwiwa ta fara kuka.

A wannan ganuwa fadar Husaini Dey take, sarki na ƙarshe na zamanin Turkawa. A nan ne, cikin watan Afrilun 1827, gardama ta kaure tsakaninsa da jakadan Faransa Pierre Deval a kan bashin alkama da Faransa ta ƙi biya, Dey ya buge shi da mafici. Faransa ta riƙe wannan a matsayin hujja. Sojojinta suka sauka a Sidi Faraj ranar 14 ga Yunin 1830, birnin ya faɗa hannunsu ranar 5 ga Yuli. Ba su fita ba sai bayan shekaru 132.

Daga ganuwar, lunguna ne ke zuba ƙasa kamar jijiyoyi. Wasu ba su wuce faɗin mutum biyu ba, kuma benayen gidajen sun turo kai daga hagu da dama bisa ginshiƙan itace har sun kusa haɗe goshi, rana ba ta samun hanyar sauka. Daga waje gidan Kasba ba shi da abin kallo, bango ne da ƴar ƙaramar taga da gajeriyar ƙofa. Kwalliyar tana ciki: tsakar gida a buɗe, baranda zagaye da ita, bango lulluɓe da tayil mai zane. Bahaushe ba zai ji baƙunta a wannan tsari ba, domin shi ma gidansa zaure ne a gaba, rayuwa a tsakar gida. Rufin soro kuwa a al'adance wurin mata ne, inda ake shanya da hira, kuma ana cewa an jera gidajen ne yadda ba wanda zai tare wa maƙwabcinsa ganin teku.

Mota ba ta shiga nan. Saboda haka har gobe jakuna ne ke kwashe sharar Kasba, da mangala a bayansu, suna hawa da sauka a matakala tare da ma'aikatan tsaftar gari. Baƙi daga Turai kan tsaya ɗaukar hotonsu. Ɗan Nijar kuwa murmushi kawai zai yi, don ya ga tsohon sani.

A wani lungu mai suna Abderames akwai gidan da aka bari a rushe da gangan. Nan ne sojojin Faransa suka dasa nakiya ranar 8 ga Oktoban 1957, bayan ɗan gwagwarmaya Ali la Pointe ya ƙi miƙa wuya. Ya mutu tare da Hasiba Ben Buali, budurwa ƴar shekara 19, da Mahmud Buhamidi, da wani yaro ɗan aike da ake kira Ƙaramin Umar. Fashewar ta kuma hallaka maƙwabta da dama. Yanzu gidan wurin tarihi ne. Wanda ya kalli fim ɗin yaƙin Alje na Gillo Pontecorvo, da ya fito a 1966, zai gane lungunan, don a cikinsu aka ɗauke shi.

Hukumar UNESCO ta sa Kasba cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, shekaru 21 kafin tsohon garin Agadas ya shiga jerin a 2013. Sai dai wannan matsayi bai hana ta zubewa ba. Mai tafiya zai ga gidajen da aka tokare da katako da ƙarfe, da filayen da gida ya faɗi aka bar kufai. Da yake gidajen jingine suke da juna, idan ɗaya ya rushe sai na kusa da shi ya rasa madogara. A watan Afrilun 2019 wani bene ya rufta a ƙasan Kasba ya kashe mutum biyar. Ana gyaran fadoji da masallatai, amma gidajen talakawa, inda iyalai da yawa ke cunkushe, su ne ke jiran layi. Mazauna Birni a Damagaram da na tsohon garin Agadas, waɗanda ke kallon sorayen kakanninsu na narkewa duk damina, sun san irin wannan jira.

Kabarin da ya haɗa Alje da ƙasar Hausa

A gefen arewacin Kasba akwai hubbaren Sidi Abdurrahman Assa'alibi, malamin tafsiri na ƙarni na 15 wanda mutanen Alje ke ɗauka a matsayin waliyyin garinsu. Wuri ne mai sanyi da shiru, da ƴar hasumiya da tsofaffin kaburbura a ƙarƙashin itatuwa, mata ne suka fi yawan kai masa ziyara.

Ga ɗan ƙasar Hausa, wannan kabari ba na baƙo ba ne. Cikin ɗaliban Assa'alibi akwai Muhammad bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda daga baya ya ratsa hamada ya sauka a ƙasar Abzin, ya koyar a Takadda, ya wuce Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan sha'anin mulki, sannan ya je Gao wurin Askiya Muhammadu. Ke nan fiye da shekaru 500 da suka wuce, hanyar da a yau ake bi neman aikin gini, ilimi ne ke bin ta, kuma daga arewa zuwa kudu.

Gangarar Kasba na ƙarewa ne a masallacin Keshawa, mai hasumiya biyu. Tarihinsa shi ne tarihin garin a taƙaice. Hasan Fasha ya sake gina shi a 1794, Faransawa suka ƙwace shi a 1832 suka mai da shi majami'a, ya koma masallaci a 1962, sannan aka sake buɗe shi a 2018 bayan gyaran da Turkiyya ta ɗauki nauyi.

Azahar: kifi, garantita da cocin kan dutse

Bayan irin wannan gangara ciki na neman haƙƙinsa. A kusa da tashar masunta akwai gidajen abinci masu gasa kifin sardin da soya jatan lande. Mai ƙaramin aljihu kuwa, garantita ce tasa: wani gashi ne na garin wani nau'in wake da ake kira hummus, ana yanka shi da zafi a cusa cikin burodi a barbaɗa masa yaji. Ita ce abincin ɗalibi da lebura, kamar yadda ƙosai da burodi suke a tashoshinmu. Akwai kuma mahajib, wainar alkama mai laushi da aka cika da tumatir da albasa, da kalbul-luz, wani zaƙi na tsakin alkama da ke tafiya da shayi mai na'ana'a.

Daga nan sai a nufi arewa, a ratsa unguwar Babul Wad. Unguwa ce ta talakawa mai cunkoso da son ƙwallo, kuma tana ɗauke da tabon da ke nuna haɗarin zama a gindin tudu. Ranar 10 ga Nuwamban 2001 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya gangaro daga tuddai da laka da motoci, ya kashe fiye da mutum 700, mafi yawansu a wannan unguwa.

A samanta, bisa wani dutse mai tsawon mita 124, cocin Notre Dame d'Afrique ke zaune tun 1872. Ana hawa da mota, ko da keken sama mai rataye a waya idan yana aiki. Musulmin unguwar Lalla Maryam suke ce mata, kuma sun fi Kiristoci yawa a farfajiyarta: iyalai na shan iska, yara na buga ƙwallo, samari na ɗaukar hoto. A cikin cocin, a bangon gaba, an rubuta addu'ar da ta haɗa Kiristoci da Musulmi a roƙo ɗaya. Daga farfajiyar ana ganin filin ƙwallon Bologin da maƙabartar Kiristoci da Yahudawa a ƙasa, sai teku shuɗi har iyakar gani. Marsai ta Faransa na can tsallake, tafiyar kusan kwana guda a jirgin ruwa.

La'asar a tsakiyar gari

Sabon garin da Faransawa suka gina yana kudu da Kasba: dogayen benaye farare masu shuɗin baranda, da rumfunan da mai tafiya ke bi ƙarƙashinsu. Cibiyarsa ita ce Babban Gidan Waya, wanda aka gina a 1910 da ƙubba da ƙofofi irin na ginin Larabawa. A gabansa ne dubban jama'a suka riƙa taruwa kowace Juma'a tun daga 22 ga Fabrairun 2019, a zanga-zangar lumana da aka sani da Hirak, har Shugaba Abdul'aziz Buteflika ya sauka ranar 2 ga Afrilu bayan shekaru 20 a kan mulki. Daga nan titin Didush Murad ke hawa tudu, da shagunan littattafai da na tufafi da gidajen shan gahawa, da ɗaliban tsohuwar jami'ar Alje.

A waɗannan tituna ne aka yi bikin al'adun Afirka na farko a watan Yulin 1969, inda Miriam Makeba ta yi waƙa. A wancan zamani Alje ce masaukin ƴan gwagwarmayar neman ƴanci daga Angola da Mozambik da Gini Bisau da Afirka ta Kudu.

Ƴan tashoshi kaɗan a metro, sai ga lambun Hamma, wanda aka kafa a 1832, mai faɗin hekta 32. Faransawa sun yi shi ne don gwada itatuwan da za su iya rayuwa a ƙasar da suka mamaye. Yau wurin hutun iyalai ne, da layukan dabino da gora da manyan itatuwa dangin ceɗiya masu saiwoyi a rataye. Ga wanda ya fito daga inda ake tsere wa inuwar bedi guda, tafiyar rabin sa'a ba tare da rana ta taɓa shi ba abin ba da labari ne.

Daga bakin lambun wani keken sama ke ɗaukar mutane zuwa Makamus Shahid, hasumiyar tunawa da shahidai. An buɗe ta a 1982, cikar shekaru 20 da samun ƴanci. Siffar ganyen dabino uku ce ta kankare da suka jingina da juna, tsawonta mita 92, da mutum-mutumin soja a gindin kowane ganye. A ƙarƙashinta akwai gidan tarihin mayaƙan ƴanci. Aljeriya na cewa mutum miliyan ɗaya da rabi ta rasa a yaƙin 1954 zuwa 1962, masana tarihin Faransa na kawo adadin da bai kai haka ba, amma ba mai musun cewa da jini aka saye wannan ƴanci.

Magariba, da waɗanda ba su zo kallo ba

Daga dandalin hasumiyar gaɓar Alje gaba ɗaya na shimfiɗe kamar jinjirin wata. Ta hagu Kasba ce fara a jikin tudu. Ta dama, can wajen Muhammadiyya, hasumiyar Babban Masallacin Aljeriya ce ta soki sama. Tsawonta mita 265, babu ta biyunta a duniya, kusan ninki goma na hasumiyar Agadas mai mita 27. Kamfanin ƙasar Sin ne ya gina masallacin, yana ɗaukar mutum 120,000, kuma an buɗe shi a hukumance a Fabrairun 2024. Idan rana ta faɗi fitilu suka kama, jiragen ruwan da ke jiran shiga tasha sai su zama kamar wani gari a kan ruwa.

Sai dai ɗan Nijar da ya yi wannan zagaye, da wuya ya kai magariba bai ji Hausa ba. A bakin tashar metro, ko a mahaɗar tituna inda motoci ke tsayawa, akan ga mace zaune da goyo, yara biyu ko uku na miƙa kwano. Kalmar da suke faɗa ba ta buƙatar tafinta, don Hausa da Larabci sun yi tarayya a kanta: sadaka. Da yawansu daga yankin Kance da Matamaye da Magarya suke. A unguwannin bayan gari kuma samari ne ke ɗaukar bulo da siminti a benayen da ba a gama ba, a ciki suke kwana, ba sa saukowa tsakiyar gari don gudun kame.

Hanyar da ta kawo su ta ci rayuka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. A 2014 gwamnatocin Nijar da Aljeriya suka yi yarjejeniyar mayar da ƴan Nijar gida, ayarin motoci suka fara sauke mutane a Asamaka. Baƙin wasu ƙasashe kuwa akan zube su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai.

Ke nan gari ɗaya ne, amma takarda ce ke raba yadda ake ganinsa. Ɗalibi mai katin zama na iya hawa keken sama ya aiko wa gida hoto a WhatsApp. Ɗan garinsu da ya shigo ta bayan fage yana iya shekara biyu a Alje bai taɓa tsayawa ya kalli tekun da kyau ba. Hoton na farko shi ke yawo a wayoyin matasa a Damagaram da Tawa, labarin na biyu sai ya dawo ake jin sa, idan ya dawo.

Ga mai niyyar zuwa

Ɗan Nijar na buƙatar fasfo da biza kafin shiga Aljeriya, kuma ko a cikin gari ana son mutum ya riƙe takardunsa a jiki, don baƙar fata ya fi kowa fuskantar tambaya. Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, safiyar Juma'a kuwa kusan komai a rufe yake. Kuɗin ƙasar dinari ne, kuma yawancin ciniki da tsabar kuɗi ake yi. Faransanci na biyan buƙata kusan ko'ina, gaisuwa da Larabci kuma na buɗe fuska. Ba a ɗaukar hoton ƴan sanda ko barikin soja. Kasba da rana ake shigarta, an fi so da ɗan gari. Daga Nuwamba zuwa Maris ana ruwa da sanyin da ya fi na hunturunmu ratsa ƙashi, saboda haka watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo. Takalmi kuwa a zaɓi mai riƙe ƙasa, don matakalar Kasba ta sha tafin ƙafa har ta yi santsi.

Bayan sallar isha'i, a wasu gidajen gahawa na ƙasan Kasba akan ji kiɗan sha'abi, wanda Alhaji Muhammad Al'anka, haifaffen unguwar a 1907, ya kafa. Metro na kwashe ma'aikata zuwa gida, keken sama ya tsaya, masu garantita na wanke faranti. A tashar motocin Karuba kuwa, manyan motocin kudu na lodi. Tamanrasat na da nisan kusan kilomita 2,000 daga nan, daga can kuma sauran kimanin 400 a kai iyakar Nijar.